Kalmar Nan "Expect": Ma'anarta Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

Ran nan na zauna ina gyaran wasiƙun da na sa 'yan ajina su rubuta da Turanci, sai na lura mutane da dama sun yi tuntuɓe da dutse guda. Wani ya rubuta wa wansa, "I am expecting for your reply." Wani ya ce wa abokinsa, "I expected you at the motor park for two hours." Wata kuma ta rufe wasiƙarta ga iyayenta da cewa, "I expect you are all well," alhali kuwa fatan alheri ta ke nufin yi musu. Na ɗauki jan biro zan shiga zane ke nan, sai na tuna ni ma wannan kalma ta taɓa kayar da ni, irin faɗuwar da har yau ban manta da ita ba. Don haka na ga gara in ajiye biron, in yi bayaninta a nan inda kowa zai gani, gama yawancinku gobe ku ne za ku tsaya gaban allo kuna koya wa yara ita.

Yadda Ta Kayar Da Ni

Sa'ad da muna ɗalibai aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni aka kai ni wata makarantar firamare a ƙasar Zonkwa. Ranar da muka isa hedimasta ya miƙo mana takardar dokokin makaranta. A cikinta akwai layin da ya ce, "Student teachers are expected to submit their lesson notes every Monday morning." Na jawo ɗan ƙamus ɗina na aljihu, na ga an fassara kalmar da tsammani. Na ce a raina, "To, madalla. Hedimasta yana tsammani, tsammani kuwa ba dole ba ne. In ya samu ya gode, in bai samu ba ya yi haƙuri."

Litinin ta fari ta wuce ban kai kome ba. Ta biyu ma haka. Ran Talata sai ga malamin da ke duba mu ya sauka ba zato, aka kira ni ofis. Hedimasta ya dube ni ya ce, "Malam, ba ka karanta takardar da na ba ka ba?"

Na ce, "Na karanta, ranka ya daɗe. Ai na ga tsammani kuka ce kuna yi."

Dattijon ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, sa'an nan ya ce, "Ɗana, in na gaba da kai ya ce yana expect ka yi abu, ba duba ya ke yi maka ba, aiki ya ba ka." Mai dubanmu dai bai yi dariya ba. Ya rubuta abin da ya rubuta a littafinsa, kuma na ga sakamakon a makin da na samu. Tun daga ran nan na daina yarda da fassarar kalma guda da kalma guda.

Asalin Kalmar

Expect fi'ili ne, watau abin da masu nahawun yanzu ke kira aikatau. Turawan Ingila sun aro shi daga Latin cikin ƙarni na 16. A Latin exspectare ne, gutsure biyu aka haɗa: ex, watau waje, da spectare, watau dubawa. Ma'anarsa ta fari ke nan leƙa waje don ganin abin da ke tafe. Mu ma muna da irin wannan, gama in baƙo ya makara mu kan ce masa, "Tun safe mu ke duban hanyarka."

Wannan saiwa ta dubawa ta haifi kalmomi da yawa da kuka sani. Inspector, wanda Hausa ta mai da shi sufeto, shi ne mai duba cikin abu. Spectator ɗan kallo ne, spectacles kuwa tabarau. In kun riƙe wannan, kun sami rabin ma'anar: mai expect mutum ne da ya hangi abu tafe, yana da dalilin da ya sa ya ke ganin zai iso.

Mutum Uku A Tashar Kafanchan

Wahalar ita ce Hausa tana da tsammani, da zato, da sa rai, da fata, da jira, da dako, kuma mu kan sassaƙa su cikin juna a magana ba tare da wani ya ruɗe ba. Turanci kuwa ya raba aikin tsakanin kalmomi uku, expect da hope da wait, kowace da gonarta. Ba mu kaɗai ne wannan ke ba wahala ba. Mutanen Sifen kalma guda gare su, esperar, ita ce jira, ita ce fata, ita ce tsammani, su ma in sun zo koyon Turanci nan su ke tuntuɓe.

Bari mu tafi tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan mu ga bambancin. Kun san reluwe ce ta raya garin nan. Hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Makurdi ta nufi Kaduna, nan ta ratsa, kuma a 1927 aka buɗe reshen da ya rabu daga nan ya hau Jos. A 1932 aka gama gadar Makurdi, a 1964 kuma hanyar da ta tashi daga Kuru ta isa Maiduguri. A zamanin da jirage ke kai da kawowa sosai, tashar nan ba ta barci. To, ku ɗauka muna can a wannan zamani, jirgin Gabas bai iso ba tukuna, ga mutum uku.

Na fari shugaban tasha ne. Yana ofis yana rubutu, ko leƙowa bai yi ba. Amma an bugo masa waya cewa jirgi ya bar tashar da ke baya, ya kuma san tsawon tafiyar. Shi ne zai ce, "I expect the train at four o'clock." Lissafi ya yi, yana da hujja.

Ta biyu mai sayar da ƙosai ce. Tun azahar ta kafa kaskonta a bakin dandamali, ba ta da wani aiki sai zama har jirgi ya zo. Ita ce za ta ce, "I am waiting for the train." Abin da ta ke kashewa lokaci ne, jikinta na wurin.

Ta uku wata tsohuwa ce, ɗanta ya tafi neman aiki Fatakwal shekara biyu, ba wasiƙa ba saƙo. Ba wanda ya ce mata yau zai zo, zuciyarta ce kawai ke so. Ita ce za ta ce, "I hope my son is on the train."

Ga shi nan a taƙaice: expect aikin hankali ne, wait aikin jiki da lokaci, hope aikin zuciya. Mutum na iya yin ɗaya ba tare da sauran ba. Kana iya expect baƙo kana can gona kana noma. Kana kuma iya wait ga wanda ka san ba zai zo ba, shi ne Hausawa ke kira jiran gawon shanu. Saboda haka ɗalibina da ya yi awa biyu a tashar mota, abin da ya kamata ya rubuta shi ne, "I waited for you for two hours." Dā can a tsohon Turanci expect ta taɓa ɗaukar ma'anar jira, amma an daɗe da barin wannan.

Akwai gwaji mai sauƙi na raba expect da hope. Ba a yin hope sai ga abin da a ke so, amma ana yin expect ga mai daɗi da marar daɗi duka. Likita na iya cewa, "I expect the fever to return tonight," gama ya san halin zazzaɓin. In ya ce hope a nan, ai sai 'yan'uwan majiyyaci su ɗauke abinsu su gudu.

Har wa yau, expect ba alkawari ba ne. Manoman citta na ƙasar Kachia da Jaba da Kagarko sun shuka a farkon daminar 2023 suna sa ran tono da kaka kamar kowace shekara, kuma suna da hujja, don haka su ke yi tun kaka da kakanni. Sai cuta ta faɗa wa cittar ta ruɓar da gonaki masu yawa. Lissafinsu bai zama wauta ba don abin bai tabbata ba. Irin wannan Turawa ke kira unexpected, mu kuwa mu ce ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Na faɗi haka ne don na lura waɗansunku suna jin nauyin cewa, "I expect to pass," suna ganin kamar cika baki ne ko shiga sanin gaibu. Ba haka ba ne. Wanda ya yi karatu ya faɗi haka, iyakar abin da ya ce shi ne alamu sun nuna, sauran kuwa na Allah ne. Wanda bai buɗe littafi ba ya faɗi haka, shi ne mai tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.

Yadda A Ke Gina Jimla Da Ita

1. Da suna kai tsaye. "I am expecting a letter." Ba a sa for a tsakani. Wait ce ke tafiya da for, expect ba ta bukatar ɗan rakiya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a takardunku.

2. Da to da wani fi'ili, in mai maganar ne zai yi aikin. "I expect to finish on Friday."

3. Da sunan wani, sa'an nan to. "I expect Ladi to finish on Friday." Ku lura da wannan ƙira da kyau, za mu komo kanta.

4. Da that, ko a bar ta. "We expect that the rain will start in April," ko kuwa, "We expect the rain will start in April." Duka daidai ne.

5. Da from ko of, in ana nuna wurin wanda a ke neman abin. "Parents expect a lot from teachers."

Ba a bin expect da fi'ili mai ing a ƙarshe. "I expect seeing you" kuskure ne. In murnar ganin mutum ka ke so ka nuna, sai ka ce, "I look forward to seeing you." In kuma za ka kore, Turawa sun fi sa korewar a kan expect kanta: "I don't expect him to come."

Akwai wata 'yar ma'ana da mutanen Ingila ke yawan aiki da ita a hira, daidai da tamu "ina jin". Baƙo ya sauka daga mota, mai gida ya ce, "I expect you are tired," watau ina jin ka gaji. In an tambaye shi ko za a yi ruwa, ya ce, "I expect so." To, ɗalibata da ta rubuta wa iyayenta "I expect you are all well," cewa ta yi ina jin dai lafiyarku lau, kamar abin bai dame ta ba. Hope ta ke nema.

Wajen furtawa, nauyin kalmar yana kan gaɓa ta biyu. Ku kuma kiyayi harafin p, gama bakin da ya saba da Hausa ya kan mai da shi f. Ku riƙe 'yar takarda gaban leɓe ku haɗe leɓunan sosai kafin ku sake su. Wajen rubutu kuwa, kada ku haɗa ta da maƙwabtanta: except ita ce "ban da", accept karɓa ce, expert kuwa gwani. Harafi biyu kawai za ka juya, expect ta koma except, jimla ta lalace.

In Na Gaba Ya Faɗe Ta

Yanzu mu komo kan abin da ya kayar da ni. Ku dubi jimlolin nan biyu:

"The Governor is expected to arrive at noon."

"Students are expected to be in class by eight."

Ƙirarsu ɗaya, amma ta fari labari ce, ana sa ran isowar Gwamna da tsakar rana. Ta biyu doka ce, dole kowane ɗalibi ya kasance cikin aji kafin ƙarfe takwas. Yaya za ka rarrabe? Ka yi wa kanka tambaya biyu. Mai maganar yana da iko a kan wanda a ke magana a kansa? In abin bai faru ba, akwai wanda za a tuhuma? In amsa i ce, to umurni ne aka sa masa rigar ladabi. Turawa ba su cika son cewa must ga babban mutum ba, sai su ce expect, amma nauyin ɗaya ne. Mu ma in uba ya ce wa ɗansa, "Ina so in gan ka a gona da sassafe," ba wanda zai ɗauka sha'awa ce kawai ya ke bayyanawa.

Akwai labari sananne a kan wannan. Ran 21 ga Oktoba, 1805, jiragen ruwan yaƙin Ingila suka fuskanci na Faransa da Sifen a Trafalgar, kusa da gaɓar Sifen. Shugaban rundunar Ingila, Nelson, ya so ya aika wa mayaƙansa saƙo. A zamanin da tutoci a ke magana tsakanin jirage, kuma akwai littafin da ya ba kalmomi da yawa lamba. Nelson ya so a ce Ingila confides, watau ta amince kowa zai yi aikinsa. Hafsan da ke kula da tutoci, John Pasco, ya ce wannan kalma ba ta cikin littafin, sai an jera ta harafi harafi, ga lokaci ya ƙure, amma expects tana ciki. Nelson ya yarda, aka ɗaga saƙon: "England expects that every man will do his duty." Ingila ta ci yaƙin, Nelson kuwa a ran nan aka harbe shi ya mutu. Ku dubi yadda canjin kalma guda ya juya maganar. Ta farin yabo ce da amincewa, ta biyun kuwa ta ɗora wa kowane mutum kaya a ka.

Kada Ka Bar Ta Ba Kaya

Wani gargaɗi kuma, musamman ga masu rubuta wasiƙa gida. In ka ce mace is expecting ka yi shiru, ba ka faɗi abin da ta ke tsammani ba, to ka ce tana da juna biyu. Haka Turawa ke sakaya maganar ciki, kamar yadda mu ma mu ke sakayawa. Na taɓa ganin yaron da ya so ya gaya wa kawunsa cewa yayarsa na sauraron sakamakon jarrabawa, ya rubuta, "My sister has finished her exams and she is now expecting." Ku da kanku kun san irin ƙurar da wannan zai tayar a gida in ba a yi saurin gyarawa ba. Da ya ƙara "her results" da an zauna lafiya.

A katin awon ciki na asibiti ma za ku ga haruffa EDD, watau expected date of delivery, ranar da a ke sa ran haihuwa. Ana ƙidaya kwana 280 ne, mako 40 ke nan, daga ranar farko ta al'adar ƙarshe. Amma jariran da ke zuwa daidai ranar ba su fi biyar cikin ɗari ba. Ga lissafi mai hujja, ga shi kuma ba alkawari ba.

Abin Da Ya Shafe Mu Malamai

Na ce za mu komo kan ƙira ta uku. "I expect Ladi to pass" tana da fuska biyu: ina ganin Ladi za ta ci, da kuma ina neman Ladi ta ci. A bakin malami fuskokin nan biyu su kan narke su zama ɗaya, kuma nan ne maganar ta wuce nahawu.

A Amurka, wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, Robert Rosenthal, da shugabar wata makarantar firamare a Kalifoniya, Lenore Jacobson, sun yi wani gwaji. Suka yi wa yara jarrabawa, sa'an nan suka ba malamai sunayen wajen kashi ɗaya cikin biyar na yaran, suka ce waɗannan ne jarrabawa ta nuna za su buɗe bana. Alhali kuwa sunayen da ka aka tsince su, ba ruwansu da jarrabawar. Da aka sāke gwada yaran daga baya, sai aka tarar waɗanda aka ambata sun fi sauran ci gaba, musamman a aji ɗaya da aji biyu. Suka buga labarin a littafinsu, Pygmalion in the Classroom, a 1968. Masana sun yi ta gardama a kansa, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna abin yana faruwa, ko da ya ke ƙarfinsa bai cika kai yadda aka fara zato ba.

Ba sihiri a ciki. Yaron da malami ke sa ran zai iya, shi ya kan yawaita tambaya, ya ba shi lokaci ya yi tunani, in ya yi kuskure ya gyara masa da haƙuri. Wanda ya yanke wa ƙauna kuwa, ko hannu ya ɗaga sai ido ya tsallake shi. Ku da za a tura Kwoi ko Manchok ko Godogodo, za ku sami yaran da a gida Jju su ke ji, ko Tyap, ko Hyam, ko Fulatanci, a kasuwa Hausa, Turanci kuwa sai a bakinku. Yaron da ya yi shiru a makon fari sau da yawa harshe na uku ya ke kokawa da shi. In ka rubuta shi daƙiƙi a zuciyarka tun ran nan, da wuya ya ƙaryata ka, gama kai ne ke riƙe da alli. Hedimastan nan da ya yi mini dariya bai sallame ni ba sai da ya ce, "Litinin mai zuwa ina expect littafinka ya fi na kowa tsabta." Na ji umurnin, na kuma ji cewa yana ganin zan iya. Ban sāke makara ba.

Aikin Gida

Ku juya waɗannan zuwa Turanci, ku zaɓi wadda ta dace tsakanin expect da hope da wait:

1. Mun yi awa biyu a bakin hanya kafin motar Kafanchan ta zo.

2. Allah ya sa ruwan nan ya ɗauke kafin a tashi kasuwa.

3. Hadari ya haɗu a kan dutsen Kagoro, ina ganin za a yi ruwa kafin la'asar.

4. Dole kowane malami ya sa hannu a littafi da safe.

5. Ban yi zaton ganinka a nan ba.

Wanda ya gama ya kawo mini ofis, ko ya ba editan mujallar nan ya miƙo mini. 'Yan ajina kuwa, I expect your answers on Monday. Wanda ya karanta bayanin nan tun daga farko ya san wace ma'ana na ke nufi. Allah ya ba da sa'a.